Faɗuwar Ranar da Baba Bai Gani Ba

Gwaggo Hawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya mutanen gida da duk 'yan zango? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Baba.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya. Da ciwonsa ya tsananta, ba shi da zance sai na garinku Axim, yadda kuke zama bakin teku kuna yara har rana ta nutse cikin ruwa, sannan ku ruga gida kafin magariba. Sai na ɗauki hutun kwana ɗaya a kantin da nake aiki a nan garin Wendover, na sa shi a mota muka nufi bakin teku. Mun fi awa uku a hanya. Muka isa da la'asar, na shimfiɗa masa darduma kan yashi.

Gwaggo, ashe tekun nan gabas yake kallo. Muna fuskantar ruwa, rana ta faɗi ta bayanmu, bayan otal-otal. Wani masunci ya ce sai dai mu kwana mu ga fitowarta. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Zainabu, ma dawo." Ina da aiki washegari, sai na juyo da shi gida. Bai sake fita ba.

Ki gaida Kawu Sule da yara, ku sa ni a addu'a. Don Allah in ƙafa ta yi sauƙi, a kai ki bakin ruwa da yamma, ki kalla masa faɗuwar ranar.

'Yarki,
Zainabu