Miyar Ranar Haihuwar Dam-yul

Litinin, 6 ga Maris

Wasiƙa daga mahaifiyar Dam-yul, mawaƙinmu. Wai mu masoyansa mu daina zuwa gidan ajiyar tokar gawa ranar haihuwarsa. Shekara tara da rasuwarsa, shekara tara ina dafa miyar ganyen teku in kai gaban gilashin da tokarsa take ciki, mu rera waƙarsa ta ƙarshe. Yau kuma wai mu bar mata ɗanta. Raina ya ɓaci.

Laraba, 8 ga Maris

Shagon shayin ƙawata Gyeong-ran, mu bakwai. Da mu ɗari uku ne. Ta ce, "Yaya, ki haƙura, uwa ce." Na ce uwa ce ta tsaya layin tikiti cikin ƙanƙara a Busan? Ta ce, "Kin tsufa, bakinki bai tsufa ba."

Abin da ban faɗa ba: ranar nan kaɗai ke haɗa mu. Da mijina ya tafi, muryar yaron nan ce ke tashe ni daga shimfiɗa, matan nan kuma a layi na tsince su. In ranar ta faɗi, wa ya rage mini?

Lahadi, 12 ga Maris

Ban kunna komai ba. Gidan shiru.

Alhamis, 16 ga Maris

Na je wurin mahaifiyarsa da faɗa a bakina. 'Yar tsohuwa, hawa na huɗu, ba lif. Ta ɓare mini lemo. Ta ce duk shekara a tashar bas take zama har mu gama, don ba ta iya baitin waƙar ba, tana jin kunya. In ta shiga kuma furanninmu sun rufe gilashin, ba ta ganin hotonsa.

Ta ce, "'Yata, miyar nan ai ta mai jego ce. Wata guda na yi ina shan ta da na haife shi. Shi ya sa ake dafa ta ranar haihuwa, don a tuna da uwa."

Na san haka tun ina yarinya. Wace ce ba ta sani ba? Shekara tara ban tuna ba ko sau ɗaya. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Asabar, 18 ga Maris

Yau ce ranar haihuwarsa. Na jiƙa ganyen da safe, hannu ya saba kawai. Ban je gidan toka ba. Na ajiye tukunyar a ƙofarta, na danna ƙararrawa, na sauko da sauri kamar ɓarauniya. Kuka a bas, gaban mutane. Mtsw.

Talata, 21 ga Maris

Tukunya ta dawo shagon Gyeong-ran, cike da lemo, da 'yar takarda: "Gishiri ya yi yawa. Baɗi ki rage. Ku zo ku bakwai, ku koya mini baitin."

Gishirina daidai yake. Amma na rubuta a kalanda.