Maza Tara, Sai Ni a Bayan Labule

Anti Shulamit, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Mahaifina Hershel ya rasu bayan Idin Ƙetarewa, bai bar ɗa namiji ba, ni kaɗai ce. Shi ya zaunar da ni ina ƙarama ya koya mini karatun Attaura, don haka na ɗauki alkawarin yi masa Kadish, addu'ar mamaci, kowace safiya har wata goma sha ɗaya. Kin san ba a yin ta sai maza goma sun hallara. To majami'armu ta Yahudawa a nan arewacin Ontario ta tsufa, matasa duk sun koma Toronto. Sau da yawa maza tara ne, sai ni a bayan labule, ɓangaren mata. Mu yi ta jira, tsoho Zalman ya leƙo ya ce, "'Yar Hershel, da ma kin tsiro da gemu!" A yi dariya, a naɗe mayafan ibada, in koma gida da addu'ata a baki.

Ina da ɗa, Gershon, layi biyu ne tsakaninmu. Tun da ya dawo daga jami'a ya ce shi ya daina yarda da komai. Na roƙe shi, ya ce, "Mama, zan zo in tsaya don Kaka, amma kar ki sa ran jin amin daga bakina." Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In na kai shi, ban yaudari jama'a ba? Addu'ar da aka cika da wanda bai gaskata ba, za ta karɓu kuwa? Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, watanni kuma sai tafiya suke yi.

Ta Bayan Labule

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki haƙuri tare da sauran masu makoki. Tsoronki na mai kiyaye addini ne, ban raina shi ba. Ki fara gaya wa Rabbi, malaminku, gaskiya, kada ki rage komai. Hukunci nasa ne, malamai kuma sun sha bamban a kan irin wannan. Amma a iya sanina, mai ƙirga a bakin ƙofa kawuna yake ƙirgawa. Su taran nan, wa ya taɓa tona zuciyarsu?

Gershon bai yi miki ƙarya ba, kuma ya yarda ya bar bargo, ya keta dusar ƙanƙara don kakansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kada ki mai da zuwansa tarko. Ban da wa'azi a mota, ban da leƙen leɓensa ta labule. Ki dafa masa shayi, ki yi masa godiya. Shi ya tsaya, ke ki karanta, mutum tara za su amsa miki amin.

Ki kira shi yau. Allah Ya sa ambaton mahaifinki ya zama albarka.

Anti Shulamit