Kogin da ya ƙi ƙafewa a koridon gidana

Malama, ina neman taimakonki a kan al'amarin da na kasa faɗa wa abokan aikina, domin da zarar an furta shi sai ya yi kama da abin dariya.

Ni malamin jami'a ne, lissafi nake koyarwa. Matata ta rasu a farkon bana. Ba a kan wannan na rubuto ba. Na karɓi ƙaddara, kuma ina tafiyar da gidana yadda ya kamata. Babban ɗanmu yana makarantar kwana. Damuwata Auta ce, 'yar shekara biyar.

Akwai siririn korido tsakanin falonmu da ɗakunan barci. Marigayiyar ta mayar da shi wurin wasa: koridon kogi ne, ita ce mai fito. Takan ɗora yarinyar a kan tsohon bargo ta ja ta daga wannan gaɓa zuwa waccan, in sun gama ta ɗauki tsintsiya ta share, ta sanar cewa kogi ya ƙafe. Ina ɗakin karatu nakan jiyo hayaniyarsu, ban taɓa leƙawa ba. Ranar da ciwo ya kayar da ita suna tsakiyar wasan ne. Aka wuce asibiti ba a share ba.

Tun daga wannan ranar, da kogi nake kwana a gidana. Auta ba ta taka tayil ɗin koridon nan. Ta kwashe filon kujeru ta jera, wai duwatsu. Duk wanda ya ratsa da ƙafa ya nutse, ba za ta kula shi ba sai ya goge jiki da tawul. Shugaban sashenmu, dattijo da furfurarsa, ya zo duba mu, ya nufi bayi, ta shaida masa a gaban jama'a cewa ruwa ya ci shi.

Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Na sa ta shafa tayil ɗin. Ta amince a bushe yake, amma wai hannu ba ya jin irin wannan ruwan. Na share da kaina, ta ce sharata ba ta aiki tunda ba na cikin wasan. Na sayo mata akwatin koyon haruffa, ta zazzage haruffan ta mayar da kwalin tashar jirgi. Yayata ta ce ni na sangarta ta, tsawa ɗaya ta isa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma kullum a makare muke fita, haƙurina kuma ya kusa ƙarewa. Shekaranjiya, ba kowa a gidan, na tsinci kaina ina bin filon nan da jakata a hannu. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Ta yaya zan kawo ƙarshen abin nan ba tare da na karya mata zuciya ba?

Baban Auta

Baban Auta, Allah Ya jiƙan maiɗakinka, Ya ba ku haƙurin rashi.

Kana da gaskiya: yarinya ba ta hana baƙo shiga bayi, makara kuma ba abin wasa ba ce. Amma daina ƙoƙarin nuna mata tayil a bushe yake, ta riga ka sani. Kai kana da kalmar ƙaddara da za ka jingina da ita, ita kuwa kogi kawai take da shi. Shi ne abu na ƙarshe da suka fara da mahaifiyarta ba su ƙarasa ba, share shi kuma amincewa ne cewa mai sharewar ba za ta dawo ba. Tsawar da yayarka ke so za ta kwashe filon, amma daga ranar Auta za ta daina nuna maka abin da ke ranta.

Ta ce ba ka cikin wasan. To, ka nemi shiga. Kada ka nemi aikin mai fito, wannan gurbin da mai shi. Tambaye ta ko akwai aikin masunci ko na mai gyaran jirgi, ka karɓi wanda ta ba ka, kuma don Allah, Malam, kada ka gyara mata kuskure ko ɗaya. Da zarar ka zama ɗan ciki, maganarka za ta fara aiki: jirgin ranakun makaranta da wuri yake tashi, baƙi kuma a shimfiɗa musu kafet ya zama gada. Tsintsiyar ka ajiye inda hannunta zai kai, ka yi shiru. Idan ka ga ta daina cin abinci ko barci, ko ta janye daga sauran yara, ku ga likitan yara.

Bin filon da ka yi kuwa, bai rage ka da komai ba, karɓar ƙaddara ba ta hana kewa. Ka faɗa wa Auta kai ma kana kewar mahaifiyarta, domin mai yiwuwa tana zaton ita kaɗai ce. Allah Ya raya muku su, Ya sanyaya zuciyarka.