Iskar da Kake Tanada Mini

Zuwa ga Abu Mazin, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina a ranar zafi, wanda nake gane takunsa a matakala tun kafin ya taɓa ƙofa.

Gaisuwa daga zuciyar da tsoro ya cika. Wata bakwai ke nan da muka binne ɗanmu Mazin, wata shida da ka koma aikin haƙar mai a tsakiyar teku. Kakan kira ranar Juma'a, ka tambaya ko gas ya ƙare, ka kashe waya.

Ranar Talata yayarka Nagat ta ja ni sinima a Iskandariya, wai zaman ɗaki ya fara cin jikina. Fim ne na mace da namiji, jirginsu na sararin samaniya ya lalace can gaba da gajimare, inda babu sama babu ƙasa. Duniya tana juyawa nesa da su, shuɗiya, kyakkyawa, ba ta san suna nan ba. Iskar numfashinsu tana ƙarewa. Sai namijin ya daina magana don kada ya cinye mata rabonta. Ita tana wani ɓangare na jirgin, ba ta ganinsa. Ta yi ta kira, shiru. Ta ɗauka ya mutu, ta miƙa hannu ga ƙofar da ke buɗewa cikin duhu.

Nan na rufe fuska da mayafi. Nagat ta zungure ni, ta ce, "Ke buɗe idonki, wa zai harba ki sama da wannan nauyin?" A mota 'yarta Hala ta ce, "Matar Kawu, ma'anarsa ɗan Adam ƙwayar yashi ne, kowa shi kaɗai yake." Ni ban yi karatun Hala ba. Abin da na gani shi ne mutumin kirki yana kashe mace da tausayi. Ban bari sun faɗa mini ƙarshen ba.

Hasken idona, na lura ka daina kirana Ummu Mazin. Mai burodi yana kirana haka, matan layinmu ma haka. Kai kaɗai kake gyaran murya, ka ce "ke". Na san ka, tsoron fama mini ciwo kake yi. To wa zai ambace shi a gidan nan idan ba mu ba? Ka manta ranar sunansa, da ka tsaya a titi da buhun gyaɗa a kafaɗa, ka ɗaga kai ka kira ni da sunan nan har tantabarun maƙwabta suka tashi? Ranar na ji kamar gonar da ruwa ya iso.

Nagat ta yi suɓutar baki cewa ka roƙi a bar ka a teku har a lokacin hutunka. Tun da na ji, abinci ya ƙi shiga. Ina tsoron tekun, ina tsoron shirunka, amma na fi tsoron kaina. Ina tsoron ranar da zan gaji da kira.

Ka dawo, masoyina. Kada ka tanada mini iska, mu shaƙe ta tare ko da kaɗan ce. Ranar Alhamis ta farkon hutunka zan gasa burodin sadaka, mu je kabarinsa mu biyu. Ka kira ni a can, a gabansa. Idan muryarka ta karye a tsakiyar sunan, ni zan ƙarasa.

Taka a wannan gidan da gidan da ɗanmu ya riga mu zuwa,
Inshirah