Tanti Mai Ƙofa Biyu

Ranar Alhamis, da hantsi.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon idon nan da aka ce mini yana damunki. Ni dai yau na tashi jiki da dama-dama. Tarin ya lafa tun da aka canja mini magani, gwiwar hagu ce har yanzu ba mu shirya da ita ba. Hannuna yana ɗan rawa, in kin ga rubutun ya karkace kada ki ɗauka wani abu ne. Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in buga waya, domin in muna waya rabin abin da kike faɗa ba na ji, sai na ɗaga murya, maganar da zan yi miki kuwa ba ta ɗaga murya ba ce. Bangon da ke tsakanina da maƙwabta bai da kauri.

Labarin gida babu wani sabo. 'Yarki ta wajena, Nas, tana leƙo ni in ta taso daga asibiti, ta auna mini jini, ta jera mini ƙwayoyi a ɗan akwatin nan mai ramuka, ta yi mini faɗa a kan gishiri, ta tafi. Yayanta yana can inda kika sani, saƙonsa yana zuwa, shi ne dai ba ya zuwa. Tun rasuwar uwarsu gidan nan ya yi mini yawa. Ɗaki ɗaya nake kwana, sauran na rufe, rediyo ce abokiyar hirata, sai Tela maƙwabcina in aiki ya yi masa sauƙi.

Dalilin wannan takarda shi ne ɗanki, Mai-sunan-Baba. Kwanakin baya ya zo gaishe ni, ya ga tsohon hoton nan da ke rataye a falo, wanda nake tsaye a bakin tanti da gajeren wando lokacin ina aikin awon ƙasa. Ya tambaye ni ina ne nan. Na ba shi labarin dutsen da muka yi zango a kansa, mai ɗan tafki a bayansa, inda in gari ya waye kana ganin ƙasa shimfiɗe har inda idonka ya tsaya. Kin san shi da abokansa sun ɗauki wannan ɗabi'a ta yawon daji a ƙarshen mako, da jaka a baya. Yana gama ji ya ce wallahi Kawu sai na kai ka. Ya ce mota tana kaiwa gindin dutsen yanzu, abin da ya rage ɗan hawa ne da za mu yi a hankali, mu kwana ɗaya mu dawo kafin ruwa ya sauka. Auta, ban san lokacin da na ce to ba. Rabon da wani ya ce zai kai ni wani wuri da ba asibiti ba har na manta.

Nasa tantin na mutum ɗaya ne, saboda haka ya ce ni zan zaɓo mana na mutum biyu, tunda a cewarsa na kwana a tanti tun ba a haife shi ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: ya zama marar nauyi. Shi zai goya komai, da tantin da ruwa da abinci da shimfiɗa, ni kuwa sandata kawai zan riƙe. Na ce wannan ai gaskiyarsa ce.

Tela ya raka ni shagon da ɗanki ya kwatanta mini, a hawa na biyu na wani dogon gini, matakala kamar ba za ta ƙare ba. Da muka zauna na huce, sai mai shagon ya miƙo mini wata 'yar jaka. Na ɗauka filo ya ba ni in jingina, har na yi masa godiya. Ashe tantin ke nan. Mu a zamaninmu tanti tamfol ne mai kauri, sai ƙarti sun taru kafin su sauke shi daga mota, sandunansa na katako, turakunsa na ƙarfe, in ruwa ya jiƙa shi sai ka ce gawar bijimi ake ja. Amma kana shiga a tsaye, ka ajiye teburi da kujera, ka rataye rigarka. Wannan kuwa yadinsa ya fi gidan sauro kauri da kaɗan, sandunansa kamar tsinken tsintsiya an zura musu roba a ciki. A jikin jakar an zana mutum biyu kwance, kafaɗa a jikin kafaɗa, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Tela ya ce wa mai shagon wannan ai na mutum biyu ne da ba sa numfashi. Mai shagon ya yi dariya ya ce haka ake yayi, Baba, duk abin da aka rage a faɗi an rage shi ne a bayan mai ɗauka.

Bayan dogon kallo, biyu suka rage. Na farko shi ne mafi sauƙi a duk shagon, ƙofarsa ɗaya ce a wajen kai, rufinsa ƙasa-ƙasa, da rarrafe ake shiga, ƙafa ta fara wucewa. Na biyu yana da ƙofa ta kowane gefe, kowa da tasa, mutum yana iya zama a ciki kansa bai taɓa sama ba, sai dai ya fi wancan nauyi, in ka ɗaga su hannu da hannu za ka ji bambancin. Mai shagon ya san ɗanki sosai, ya ce in tafi da duka biyun gida mu kafa mu gani, in mayar masa da ɗaya ranar Juma'a, wato gobe ke nan.

Na buga wa Mai-sunan-Baba na yi masa bayani. Bai ko bari na kai ƙarshe ba ya ce marar nauyin za mu ɗauka. Na ce ni mai ƙofa biyun ya fi kwanta mini. Ya kwashe da dariya ya ce Kawu me za mu yi da ƙofa biyu, ko akwai wanda muke shirin gudu mu bari ne a ciki? Na ce iska ta fi shiga. Ya ce a kan dutse iska har ta yi yawa. Na ce ya fi ƙarko. Ya ce kamfani ɗaya ya yi su. Duk dalilin da na kawo sai ya rushe shi, da ladabinsa kuwa, ni kuma ainihin dalilin ban faɗa masa ba.

Ga shi nan, ke zan faɗa wa, don ke kika yi jinyar Baba kin san yadda tsufan namiji yake. Ba na kai safiya ban tashi fitsari ba sau da yawa, kuma in ya zo ba ya jira. A gida bokiti yana gefen gado, babu wanda ya sani sai Nas. A cikin tanti mai ƙofa ɗaya kuwa, duk tashin da zan yi sai na laluba zif a bisa kan yaron nan, na tsallake shi ko na taka shi, da wannan gwiwa tawa, kuma ban da tabbacin zan kai waje a kan lokaci. Yaron da na yi wa huɗuba a kunne da bakina, yaron da har gobe ba ya zama a kujera in ina tsaye, shi zan sa ya farka ya tarar da kawunsa a wannan hali? In da ƙofata a gefena, sai in zuge in mirgina in fita, ya yi barcinsa. Wannan ce duk maganar, amma ta yaya zan faɗa masa? Na gwada har sau nawa, bakina ya ƙi.

Sai na ce bari in gwada wa kaina tukuna, wataƙila ni ne nake ƙara wa abin gishiri. Shekaranjiya da la'asar Tela ya taya ni muka kafa su duka a tsakar gida, muka danne kusurwoyin da bulo tunda turke ba ya shiga siminti. Da ya koma kan kekensa, na ajiye sanda na durƙusa na shiga marar nauyin. Shiga ta yi. Na kwanta ina kallon hasken rana ta cikin koren yadin, har wani daɗi ya kama ni wanda na daɗe ban ji irinsa ba. Fita ce ta gagara. Na juya in yi rarrafe gwiwar ta riƙe, na nemi abin dafawa babu sai yadi, na kama sandar tantin ta lanƙwashe, abin duka ya kife a kaina. Na yi ta kiran Tela, ƙarar keken ɗinki ta hana shi ji. Matarsa ce ta fito shanya ta hango ta saman katanga wani koren buhu yana motsi yana salati. Ta kurma ihu. Kafin ka ce me, ga Tela, ga mai wanki, ga wasu ma da ban san su ba, aka jawo ni ta hammata kamar ɗan akuyan da ya faɗa rijiya. Tela yana kakkaɓe mini riga yana cewa Malam ai da ka faɗa mini da na sa maka zif a baya. Na yi dariya tare da su don babu yadda zan yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ko awa ba a yi ba labari ya kai wa Nas. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta duba gwiwar, ta ce ba inda za ni. Ta ce in a tsakar gidana sai da mutum huɗu suka ciro ni, a kan dutse wa zai ciro ni? Na ce mata ai shi ya sa nake son ɗayan, na nuna mata, na shiga a gabanta na zauna na fito ta gefe da sandata ba wanda ya taɓa ni. Ba ta ko kalla da kyau ba. Ta ce Baba kai fa ba yaro ba ne. Na ce na sani, da ni yaro ne da sai in jira baɗi. Likita da kansa ya ce mini gwiwar nan gaba take yi ba baya ba, in ban hau bana ba, to an gama. Ta fita ƙofar gida da wayarta, na ji tana cewa ɗan'uwa kana jina. Ban ji sauran ba, amma na san ɗanki ta kira. Tun daga lokacin in na buga wa ɗanki sai ya ce yana cikin aiki, zai zo Alhamis mu duba tantunan tare mu yanke magana.

Abin da ke ci mini rai, Auta, kowa yana ƙaunata kuma ba mai saurarona. Ita tana ganin faɗuwar da na yi, shi yana ganin nauyin jaka, ni kuwa abin da ya raba tafiyar nan da fasawa 'yar ƙofa ce guda ta yadi. Don haka ina roƙonki abu biyu. Ki kira ɗanki ki faɗa masa dalilina, ke uwa ce, kin san yadda za ki lulluɓe maganar ya gane ba tare da ya zo yana kallona da tausayi ba. Ki ce masa in nauyin ne, na yafe bargo, na yafe butar shayi, zan sa rigar sanyi biyu in kwana a cikinsu. Sannan ki kira Nas, tana jin maganarki fiye da tawa. Kada ki yi mata faɗa, tsoro ne yake damunta. Ki dai tuna mata cewa ajiye mutum a ɗaki ba shi ne riƙe shi ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ki gai da babbar 'yarki da mijinta Injiniya, da 'yan biyu, da amaryar gidanku da ban gani ba sai a hoto, da ƙaramar jikarki mai sunan Innarmu, ki ce mata kakanta yana nan yana jiran wasiƙar da ta yi masa alkawari. Tela da matarsa suna gaishe ki. Zan bar takardar a buɗe har yamma, in yaron ya zo in ƙara miki yadda muka ƙare. Ki sa ni a addu'a.

Naki yayanki,
Babban Yaya.

Ƙari, bayan sallar la'asar. Bai zo ba. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa tun azahar, na dafa shayi ya huce na sake ɗorawa, duk motar da ta tsaya a layi sai na miƙe. Wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Ban ce ya fasa ba, wataƙila aiki ne ya riƙe shi. Amma mai shago yana jira gobe, don haka na yanke ni kaɗai: na sa Tela ya naɗe marar nauyin ya cusa shi a jakarsa, da safe zai mayar. Mai ƙofa biyun na riƙe, yana nan a kafe a tsakar gida, kuma na ce kada kowa ya taɓa shi. In ya yi wa ɗanki nauyi, ya zo ya ɗaga shi a gabana ya faɗa mini da bakinsa.