Lambar da Ban Sani Ba

Litinin, 3 ga Maris

Saƙo ya shigo ina tsaka da jera maganin tari a kanta. Lambar da ban sani ba, babu hoto, babu suna. "Mayafin nan ruwan ƙasa ya karɓe ki." Na leƙa ta gilashin kanti. Masu jiran mota ne kawai, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Na toshe lambar. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Wata lambar kuma. "Kin toshe ni ko? Jiya ba ki ci abincin rana ba." Gaskiya ne, ban ci ba. Ƙawata kaɗai na rubuta wa haka.

Manhajar nan mai koren tambari ta fara ba ni haushi. Ina buɗe saƙo alama ta canza launi, ya san na karanta. Har lokacin da na leƙa na ƙarshe tana nuna masa. Da can ina son wannan abin, da shi nake kama Yaya in ya karanta saƙona ya yi kunnen uwar shegu. Yanzu ji nake kamar an cire labulen ɗakina.

Alhamis, 6 ga Maris

Na tsaya wurin mai gyaran waya na kwanar layinmu, wanda ya canza min gilashi watan jiya. Na ba shi labari sama-sama. Ya yi ta girgiza kai.

"Ƙanwata, koriyar nan ai ta 'yan sa ido ce. Koma shuɗiyar. Ba mai ganin lambarki, saƙo kuma yana gogewa da kansa. Kawo in saita miki."

Minti goma ya gama. Ya ce Allah ya tona asirin mugu, na ce amin. Na ci tuwona... a'a, na dai ci abinci sosai yau, har Umma ta yi mamaki.

Asabar, 8 ga Maris

Ya same ni a shuɗiyar. Kwana biyu kacal.

"Ashe kin koma kwana a ɗakin Umma."

Na ruga in nuna wa Yaya. Kafin in kai bakin ƙofarsa saƙon ya ɓace, ko alamarsa babu. Yaya ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ajiye burushin takalmin da ke hannunsa.

"Auta, kina samun barci kuwa?"

Wannan tambayar ta fi saƙon tsorata ni. Na koma ɗaki ina tambayar kaina ko da gaske na gani.

Lahadi, 9 ga Maris

Wuni na yi ina auna su. Koriyar bakinta ba ya shiru, komai na yi sai ta faɗa, amma abin da aka turo yana nan, ina iya nunawa. Shuɗiyar tana da rufin asiri, sai dai nasa take rufewa. Saƙon tes ɗin da muka raina shi ne bai san gulma ba, kuma ba ya gudu. To ta nan bai taɓa turo min komai ba. Ya san abin da yake yi.

Umma ta miƙo min tsohuwar wayarta mai maɓallai. "Karɓi wannan, kira da amsawa, shi ke nan. Aikin ma ki bar shi. Mutumin da ya san launin mayafinki ya san hanyarki."

Shekara uku na yi ina neman aikin nan.

Talata, 11 ga Maris

Ban je kanti ba. Na ce ciwon kai. Wayar a kashe cikin durowa.

Laraba, 12 ga Maris



Ina kunna waya da safe a kanti ƙawata ta kira da faɗa. Wai jiya ta turo min saƙo huɗu, na karanta duka na share ta. Na ce wallahi wayata a kashe ta wuni. Ta ce to aljani ne ya karanta?

Anti, babbarmu a kanti, tana jin mu daga bayan kanta. Ta cire tabarau ta ce in ba ta wayar. Ta shiga wani wuri da ban taɓa sanin da shi ba, inda ake ganin na'urorin da ke haɗe da manhaja. Kwamfuta ɗaya. A koriyar tun sha ɗaya ga watan jiya. A shuɗiyar tun ranar Alhamis.

"'Yar nan, wa ya riƙe wayarki a ranakun nan biyu?"

Ban san lokacin da na zauna kan kwalin auduga ba. Ni da kaina na karanta wa mai gyaran nan lambobin buɗe wayar, yana murmushi yana cewa zai gwada gilashi. Ni na koma na kai masa kukana. Har amin na ce.

Na kai hannu zan cire kwamfutar, Anti ta riƙe ni. "Kul! Bari in ɗauki hoto da tawa tukuna."

Juma'a, 14 ga Maris

Yaya da Anti suka raka ni ofishin 'yan sanda. An ɗauko shi da kwamfutarsa. Ba ni kaɗai ba ce, mu bakwai ne, har da matar aure. Da aka wuce da shi ta gabana ya ce, "Haba ƙanwata, wasa ne fa." Sai da mutum biyu suka riƙe Yaya.

A bakin gida Yaya ya tsaya. "Auta, da na yarda da ke tun ranar." Kansa a ƙasa ya faɗa.

Na zaci zan ji sanyi. Abin da ya karanta nake ta tunawa. Abin da na rubuta wa ƙawata kan rasuwar Baba, wanda ko Umma ba ta sani ba. Hotona ba ɗankwali. Wata guda yana zaune cikin kaina ina gaishe shi kullum.

Talata, 18 ga Maris

Rumfar mai gyaran a kulle. Duk da haka tsallaka titi nake yi. Duk lambar da ban sani ba, Anti ke buɗe min.

Litinin, 24 ga Maris

Anti ta fita sallar azahar, saƙon murya ya shigo. Baƙuwar lamba. Na kifa wayar na ce zan jira ta. Na goge kanta, na sake gogewa. Can dai na buɗe da kaina.

Wata dattijuwa ce, tana ihu cikin wayar kamar ina ƙetaren kogi. Wai jikarta ta ba ta lambata, maganin hawan jininta ya iso? Na duba, ya iso. Na ce mata, "Ya zo, Iya, na ajiye miki."

Da Anti ta dawo ta tambaya ko akwai abin da za ta buɗe min. Na ce babu. Ba wani abu ba ne, na ga ta daɗe ne kawai, kuma tsohuwa ba ta da haƙurin jira.