Na tona asirin darasin Malam, yanzu ko sallamata ba ya amsawa

Assalamu alaikum jama'a. Admin ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, ruwa ya kai mini wuya.

Ni malamin firamare ne a yankin Goronyo, ina noman albasa ƙasan dam, da furfurata nake digirin Asabar da Lahadi. Akwai darasin koyon rubutu, wani dattijo ke koyar da mu, shi ya koya mini ABCD, shi ya yi mini walicci. Bana jami'a ta turo wata malama ta gyara darasin, aikinta ta tambayi ɗalibai, ta gyara, ta dawo ta sake tambaya.

Zuwan farko gaban Malam ta tambaye mu, wa zai kushe malaminshi ido da ido? Munka ce lafiya lau. Na biyu ta fitar da shi waje, munka ce dai a ɗage aji daga ranar da ake sako ruwan noman rani daga dam, ta ɗage. Na ukku ta raba takarda, ta ce ban da suna. Nan Shaiɗan ya karɓi birona. Na rubuta cewa insha'i guda Malam ke shibta mana tun ba a gina dam ba, jakunan garin Giyawa ma sun hardace shi, kuma an taɓa kai mai naƙuda ajin barci ya kwashe ta.

Ashe za a nuna mishi takardun. Mutumin da ya kama hannuna ya koya mini rubutu, ina zai kasa gane rubutuna? An karɓe darasin daga hannunshi. Munafukan ajinmu, waɗanda ke zaginshi a bakin lambu fiye da ni, yanzu su ke kirana butulu, har sun kai wa surukina maganar. Na je gaisuwa, Malam ya aiko a ce mini jakin Giyawa na hutawa.

Abin haushi, sabon darasin ya yi kyau, na rubuta takardar koke an gyara mana magudanar ruwa. Yanzu malamar na so in tsaya gaban kwamitin jami'a ranar Asabar kan abin da na rubuta. In na ce wasa nake, a maido tsohon darasi. In na maimaita, aikin Malam ya tafi ke nan.

Mi zan ce musu? Masu zagi ku yi layi, mutanen garinmu sun riga ku.